Reshon Innarki Ya Biyo Ki Iferwan

Daga Agadas, rumfar ƙira

Zuwa ga ɗiyata Fatsima, mai sunan uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka Iferwan lafiya, ya sa duwatsun hanya ba su karya miki ƙugu ba. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki a gidan likitar da aka tura ki, ya sa duk macen da za ki karɓi haihuwarta ta tashi da ɗanta a hannu. Amin.

Ko daga nan ina ganin fuskarki. Ahmadu mai mota ya sauke miki katifa da jakunkuna, sai kuma ya sauko da buteli biyu na gaz da wani abu naɗe cikin tsohon bargona, ya ce duk naki ne. Kin kwance igiya kin ga reshon innarki, wanda kika rantse ba zai bar gida ba, kin turo baki irin na kakarki. Kada ki yi wa Ahmadu faɗa, ni na roƙe shi ya tura shi ƙarƙashin buhuna. Takardar nan kuma cikin aljihun wurin gashi na sa ta, don na san ba kya ɗora tukunya a kan abin da ba ki wanke ba.

Kwana uku ina rubuta ta a rumfa, inda ba kya leƙowa saboda hayaƙi. Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami maganarki ce ta ranar Juma'a, da kika ce, "Baba, wata guda zan gwada. In na ji ba ka cin abinci, in aje aikin in dawo." Na yi dariya a gabanki, amma ban ji daɗinta ba. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki tarho. Zan fara da resho, don a kansa na fi iya magana.

Shekarar da kika shiga lakwal, makarantar boko, na sayo shi, mai kai uku da wurin gashi. Innarki, Allah ya jiƙanta, ta dube shi daga nesa ta ce, "Malam, wanga abu da ke huci kamar maciji, ni ba ni zama gida guda da shi." Wata biyu yana rufe da zane tana jera kwanoni a kansa. Da ta saba kuwa, ta fi ni sanin halinsa nesa ba kusa ba, sai dai ni ban yarda da haka ba sai da lokaci ya ƙure.

Kin san ni maƙeri ne. Tun ina saurayi nake zuga wuta ina narka azurfa, a ganina wutar da ba ta ruri ba wuta ba ce. Wata rana kunu ya tafasa ya zube a kan na hagu, wutarsa ta koma ƴar ƙarama tana tari. Innarki ta ce in bari ya huce ta wanke. Na ce ta matsa, aikin wuta nawa ne. Na cire murfin kan, na ga ƴar hudar tagullar da gaz ke fitowa, ƙarama ainun, da ƙyar ido ke ganinta. Na ce lalle masu ƙera abin nan rowa gare su. Na ɗauko tsinken ƙarfen da nake zana azurfa da shi, na murza, na faɗaɗa ta. Da na kunna, wuta ta miƙe ja da rawaya har tana lasar kunnen tukunya. Na tsaya ina jiran yabo. Ta duba, ta ce, "Malam, tukunya ba azurfa ba ce, ba narka ta nike so in yi ba."

Daga ranar kowace tukunya ta hau kan hagu sai ta sauko baƙa ƙirin. Shekara bakwai tana durƙushe bakin magudana da toka da yashi tana gurza, ni kuma ina wucewa ina cewa tukwanen zamani ne ba su da kyau. Sai da Idi mai gyaran resho ya zo duba wani abu daban ya ga hudar. Ya ɗago kai ya ce, "Wane gwani ne ya yi ma wanga aika-aika?" Ina tsaye a bakin ƙofa. Innarki ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Wani baƙo ne, ya tahi tuni." Idi ya sake ƴar tagullar cikin lokacin da bai kai na shan shayi ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ban ce mata ta yafe mini ba. Na dai shiga rumfa na ƙera mata zobe, ta karɓa ta sa, ba wanda ya sake tayar da maganar.

To, ki riƙe wannan. Wutar gaz mai lafiya shuɗiya ce, gajera, ta zagaye kan daidai ba giɓi. In ta yi rawaya, ko ta kama gefe guda ta bar gefe, datti ne ko murfin bai zauna daidai ba. Ki kashe, ki bari ya huce, ki cire kan ki jiƙa shi a ruwan zafi da sabuni, ki bi ƙananan ramukan gefensa da tsinken tsintsiya. Sai ya bushe sarai za ki mayar, don jiƙaƙƙen kai ba ya kamawa, sai ki yi ta ƙyasta ashana kina zagin mai kanti. Ita kuwa hudar tagulla, ki goge samanta, ki hura. In ta ƙi, ki nemi mai gyara. Kada allura ta shige ta, ko ta gidan likita ce. Wanda ya yi ta ƙarama ya san abin da yake yi, kuma in kin ɓata abu ki faɗa da bakinki a ranar, kada ki jira shekara bakwai.

Sai tiyo. Zafin garin nan ba ya barin roba ta tsufa da mutunci, na Iferwan ma ba zai bari ba. Namu na farko ya bushe ya tsattsage kusa da buteli. Maimakon in sake shi, sai na yanko robar tayar keke na nannaɗe, na ɗaure tamau, na ce ya fi sabo. Bayan kwana kaɗan innarki ta ce tana jin wari. Na shinshina ban ji komai ba, na ce hancinta ne mai neman magana. Da ta nace, na ce bari in nuna mata yadda maza ke yi a kasuwa. Na ƙyasta ashana na bi jikin tiyon da ita. Ban kai tsakiya ba wuta ta yi tsalle ta tafi da girata duka biyu da rabin gemu. Allah ya taimaka tana kusa da buteli, ta rufe shi. Wata guda ina shan ba'a a majalisa, kowa ya gan ni sai ya tambayi sunan sabon wanzamina don ya kauce masa.

Yanzu abin dariya ne, amma kina wasa cikin tsakar gidan a ranar. Ba a neman yoyon gaz da wuta, ko wa kika ga yana yi. Ki kaɗa sabuni a ruwa ya yi kumfa, ki shafa a jikin tiyo, da wurin da ya haɗu da resho, da wuyan buteli inda ake ɗaura abin da masu saida gaz ke kira detandar. Inda kika ga kumfa na kumbura, nan ne. Tiyon da ya fara tsagewa ba a yi masa magani, jefar da shi ake yi. Na sa miki sabo, na ƙara wani cikin bargo, da ƴan robobin bakin buteli guda biyar a ƙulle cikin tsumma. Duk lokacin da kika sake buteli ki duba robar nan, ita ce ƙarama amma ita ke riƙe da gidan.

Buteli kuma a tsaye yake zama, a inuwa. In ya kusa ƙarewa za ki ga mata na kwantar da shi, ko su shanya shi a rana don su tatsi na ƙarshe. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Ki bar shi ya ƙare, ki ci gurasa da shayin maƙwabta a ranar. Ki fara ƙyasta ashana kafin ki murɗa makunni, ba ki murɗa sannan ki tafi neman ashana ba. In kin gama girki ki rufe daga buteli, ba daga resho kawai ba.

Tabon da ke wuyan hannun innarki na dama, kina ƙarama kin tambaye ta, ta ce man ƙosai ne. Ba man ƙosai ba ne. Wata babbar Salla na ce ni zan gasa hanta da haƙarƙari a wurin gashi, don abokaina su ga abin da na saya. Kwana uku ina gashi, ban san akwai farantin da ke tare kitse a ƙasa ba, balle in zare shi in zubar. Ta faɗa mini tun ranar farko, ina cikin hira ban ji ba. A rana ta uku kitsen ya kama. Na ruga da buta zan watsa ruwa, ta cafke hannuna, ta rufe buteli, ta ɗauki babban murfin tukunyar Salla ta kifa a kai. Wurin kifawar ne wuta ta lashe ta. Baƙi na zaure suna jiran nama, ta ɗaure hannun da tsumma ta ƙarasa gashin a kan gawayi, aka ci ana yaba mini.

Ki zare farantin nan duk ranar da kika yi gashi, ki zubar da kitsen tun yana da ɗumi, ki wanke ragar. In wutar mai ta tashi, ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Ki rufe gaz, ki kifa mata murfi, ki ja da baya. Murfin ma na sa miki, shi ne wanda kunnensa ya lanƙwashe.

Akwai wani kuskuren da ya fi waɗannan nauyi, ban taɓa gaya wa kowa ba. Madafarmu na da ƴar taga ta gabas. Iska na shigowa tana kaɗa wuta, sai na samo kwali na buga da ƙusa na toshe ta. Innarki ta fara ciwon kai kullum bayan girkin rana, tana fitowa idanu jawur. Na sayo mata ƙwayoyi iri-iri, na karɓo rubutu. Ungozomar unguwarmu ce ta shigo gaisuwa, ta leƙa madafa, ta fizge kwalin da hannunta ta ce, "Wuta na son iska, mai girki ma haka." Ciwon kai ya tafi cikin mako. Saboda haka duk ɗakin da suka ba ki, ki ajiye resho inda iska ke ratsawa, kada sanyin dutse ya sa ki rufe ko'ina ki kunna wuta.

Amma ba don taga matar nan ta zo ba. Ta san innarki tun garinsu Dabaga, ta san tun tana budurwa take bin kakarki ta wajen uwa gidajen masu naƙuda, hannunta ba ya rawa. Ta zo roƙona ne in bar innarki ta riƙa zuwa gidan likita da safe tana taimaka mata, ta koyi aikin sosai. Innarki na tsaye bayan ƙofa tana ji. Ban yi dogon tunani ba, na ce, "To wa zai dahwa mini abinci?" Iyakar abin da na ce ke nan. Matar ta yi sallama ta fita. Innarki ta koma madafa, na ji ƙarar ashana, aka kawo mini tuwo a kan lokaci kamar kullum. Ba ta sake ambaton maganar ba har ta koma ga Allah. Ranar da kika dawo daga lakwal kika ce ungozoma za ki zama, kin tuna ta shige madafa ta daɗe, ta fito tana share ido ta ce albasar Dabaga ce mai yaji. Ni na leƙa, ba albasa ko ɗaya a wurin.

Na tsare mace guda a gaban reshon nan saboda cikina. Ba zan tsare ta biyu ba.

Yanzu ga abin da nake ta kewaye-kewaye don kada in faɗa. Kin tuna watan jiya, da kika dawo bayan la'asar, tun daga zaure kika jefar da jaka kika ruga kina cewa kada in motsa? Kin same ni a bakin madafa da ashana a hannu, kin rufe buteli, kin buɗe ƙofofi, kin fitar da ni waje kin zaunar. Na ce miki yanzun nan na murɗa makunni ina neman ashana. Ƙarya na yi miki, uwata. Tun bayan azahar na ɗora shayi na tafi rumfa na manta. Ya tafasa ya zube ya kashe wutar, gaz ya yi ta fita. Na dawo na tsaya cikinsa, na ga wuta ta mutu, na ɗauki ashana zan sake kunnawa. Ban ji warin komai ba. Da mai adaidaita sahun da ya kawo ki ya tsaya shan ruwa a hanya, da wani ne zai rubuta miki takarda, ba ni ba.

Hancina ya mutu. Hayaƙin ƙira da ruwan wanke azurfa sun daɗe suna cin sa, tun zamanin tiyon nan ya fara, yanzu kuwa ba saura. Turaren Juma'a ma don mutane nake shafawa. Innarki ce ta sani, ita ce hancina shekara da shekaru, ta rufa mini asiri kamar yadda ta saba. Da ta rasu kika gaje ta ba tare da kin sani ba. Shi ya sa resho ba zai zauna da ni ni kaɗai ba. Ba kyauta na yi miki ba, tsoronsa nake ji.

Na san abin da zuciyarki ke gaya miki yanzu, cewa ga dalili ya samu, gobe ki bi Ahmadu ki dawo. Na yi kwana biyu ina shawarar in ɓoye miki saboda haka. Amma na gaji da barin mata suna ɗaukar ƙaryata a kansu. Ki saurare ni. Haɗarin yana tare da gaz, gaz kuma yana wurinki, ke mai hanci. Ni na fiddo tsohon murhun gawayi na gyara ƙafarsa, na sa an kawo mini buhun gawayin Cirozerin, a tsakar gida zan riƙa hurawa inda sama ke buɗe. Wutar gawayi idona na ganinta, ita ce wutar da na sani tun ina yaro, ba ta taɓa yi mini ɓoyo ba. Gwaggonki Rakiya ta ce kwanon rana nata ne, kin kuwa san ta, in ban cinye ba har rumfa za ta biyo ni da faɗa. Na gaya mata maganar hancin, ta yi mini tas, ta ce gobe za ta ja ni wurin likita.

Ba zan ce miki ba zan ji kewa ba. Tun da innarki ta tafi gidan ya yi mini faɗi, motsinki ne kawai ke rage shi. Da la'asar nakan kasa kunne daga rumfa in ji kin ƙyasta ashana, in san akwai mutum a gidan. Daga gobe ba zan ji ba, kuma zai yi mini ciwo. Amma kewa ba ta kashe tsoho, zama take sa shi ya yi tunani, ni kuwa ina da abin tunawa da yawa. In kika ajiye aikin nan saboda tuwona, kin maimaita mini ranar da na fi nadama a rayuwata, kuma wannan karon ba ni da sauran shekarun da zan gyara.

Wannan ƙarshen yau Laraba nake rubuta shi. Kin tafi yi wa gwaggonki bankwana, daga can za ki wuce tasha. Ahmadu ya zo ɗaukar kaya, yana zaure yana jira in gama. Mun riga mun naɗe reshon, saura in cusa takardar nan a ciki. Ina zaune a madafa, ga sawun ƙafafunsa huɗu a kan dakali, wurin ya fi sauran haske. Na ɗauki tsintsiya zan share, na fasa.

Abu guda nake roƙo. Cikin bargon akwai cuku guda shida, irin wanda innarki ke gasa mana da shayin la'asar. In kin haɗa tiyo, kin shafa kumfa kin ga ba yoyo, ki kunna wurin gashi ki ɗora ɗaya, ki juya shi kafin gefensa ya yi baƙi. Sannan ki kira ni. Kada ki tambaye ni ko na ci abinci. Ki gaya mini launin wutar, ki kuma gaya mini yadda ƙamshin cukun yake, a hankali, don na manta shi.

Allah ya tsare ki daga sharrin wuta da na hanya da na baki. Allah ya sa albarka a hannunki, ya ba ki abin da na hana innarki, ya kai ladan kabarinta. Ki gaida shugabar aikinki da mutanen gidan da kika sauka, ki ce tsohonki na gode musu tun kafin ya san su. Ki riƙe salla a kan lokaci. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah ya sada mu da alheri a lokacin hutunki, ba kafin nan ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Mamman maƙeri